Gasa kaza sukutum da lemun tsami da ganyen ƙamshi a eya-firaya: tambayoyi da amsoshi

Uwargida, barka da aiki. Tun da eya-firaya ta samu wurin zama a kicin, tambayar da ta fi yawo a bakin masu girki ita ce ko za ta iya gasa kaza guda ba tare da an yayyanka ta ba. Tana iyawa sarai. Idan an san kanta, cikin awa ɗaya ko ƙasa da haka za ta fitar miki da kaza mai fata ja garas-garas, tsokarta kuma da ruwanta. Ga tambayoyin da aka fi yi a kan wannan gashi, tun daga zaɓen kaza har zuwa wanke kwando.

Wai eya-firaya soya abinci take yi ko gashi?

Gashi take yi. A can samanta ta ciki akwai wani murɗaɗɗen ƙarfe da wutar lantarki ke zafafawa, a bayansa kuma fanka ce mai ƙarfi da ke hura zafin ƙasa. Iskar tana ratsa hudojin kwando, ta zagaya ƙarƙashin abinci, ta sake hawa. Wato ƙaramin oven ne mai fanka, sai dai ƙanƙantar cikinsa ta sa zafin ke isa ga abinci da sauri. Kamfanin Philips ne ya fito da irin wadda muka sani yanzu a 2010, a baje kolin kayan lantarki na IFA da ke birnin Balin na Jamus, bisa ƙirar wani ɗan ƙasar Holan mai suna Fred van der Weij.

Ki riƙe wannan a ranki, domin kusan duk amsoshin da ke ƙasa daga nan suka fito: iska ce mai gashin. Duk abin da ya tare mata hanya, da duk abin da ya jiƙa fatar kaza, yana rage mata aiki.

Wace girman kaza ce za ta shiga?

Kwando mai lita 5 zuwa 6 yana ɗaukar kaza mai nauyin kilo 1.3 zuwa 1.8. Mai lita 4 da kyar yake wuce kilo 1.2. Amma kar ki dogara da lambar da ke jikin kwali kaɗai, domin wani kwandon faɗi gare shi, wani zurfi. Kafin ki shafa wa kazar komai, ki saka ta ciki ki tura aljihun ki gani. Ana son yatsanki ya iya wucewa tsakaninta da bangon kwando ta kowane gefe, sannan ƙirjinta kar ya kusanci ƙarfen da ke sama. Kazar da aka danna da ƙarfi ta cika kwando dam, samanta ƙonewa zai yi, gefenta kuma ya fito fari fat.

Kowace irin kaza ce ta dace da wannan gashi?

Matashiyar kaza, irin wadda ake kiwo don nama, ita ta fi dacewa. Tsohuwar kaza da ta gama ƙwai ko zakaran da ya daɗe yana yawo sun fi ɗanɗano, amma jijiyoyin namansu sun yi ƙwari, kuma awa ɗaya ta busasshen zafi ba ta isa ta sassauta su. Irin waɗannan dahuwa a ruwa suke so. Idan su ke hannunki, ki fara tafasa su har su yi laushi, ki tsane su sosai, sannan ki shafa haɗin bota da ganye da za a bayyana a ƙasa ki ba su minti 15 zuwa 20 a digiri 200 na Salshiyas don fata ta yi ja.

Kazata a firiza take. Zan iya saka ta da ƙanƙararta?

Kaza guda, a'a. Waje zai gasu har ya fara ƙonewa alhali cikin cinya da ƙugu suna nan da sanyinsu, ga shi gishiri da ganye ba sa kama daskararriyar fata. Ki sauko da ita firji, a cikin kwano, a can ƙasa inda ruwanta ba zai ɗiga kan wani abinci ba. Kaza mai kilo 2 tana cin kamar awa 24 kafin ta saki. Idan sauri kike yi, ki ƙulle ta a leda marar huda ki nutsa ta a ruwan sanyi, kina canza ruwan duk bayan minti 30. Cikin awa 2 zuwa 3 za ta narke, kuma wadda aka narkar ta wannan hanya a take ake gasa ta. Barin ta a kan tebur tun safe har yamma shi ne abin gudu, domin fatarta za ta daɗe a ɗumin da ƙwayoyin cuta ke hayayyafa tun cikin bai narke ba.

Ya kamata in wanke ta da ruwa da lemun tsami don kashe ƙarni?

Na san wannan amsa ba za ta yi wa kowa daɗi ba, domin hannu ya saba. Hukumomin kula da lafiyar abinci na Amurka da na Birtaniya duka sun ba da shawarar a daina wanke ɗanyar kaza a ƙarƙashin famfo. A Birtaniya har gangami aka yi a kai a 2014. Dalilinsu shi ne ruwa ba ya kashe ƙwayoyin cutar da ke jikin kaza, irin su Salmonela da Kamfilobakta. Fantsama su yake yi zuwa kan kwanuka, da katakon yanka, da gaban rigarki, har nisan fiye da santimita 50. Ruwan lemun tsami ma ba ya kashe su yadda za a dogara da shi. Zafin gashi ne kaɗai ke gamawa da su.

Idan kazar ta zo da ragowar gashin jikinta ko gudan jini, ki cire da hannu ko ki goge da tishun kicin. Idan kuma dole sai an ɗauraye, a yi a cikin roba mai zurfi a hankali, ba da famfo a buɗe ba, sannan a wanke wurin da hannuwa da sabulu. Shi kuwa ƙarni, mafi yawansa yana zaune ne a ramin ciki: ragowar huhu da ƙoda da ke manne da ƙashin baya. Ki sa yatsa ki ƙwaƙulo su, za ki ji bambanci.

Yaushe ake sa gishiri, kuma nawa?

Idan da abu ɗaya za ki ɗauka daga wannan shafi bayan ma'aunin zafin nama da za a zo kansa a gaba, to wannan ne. Kaza mai kilo 1.5 tana son kamar giram 12 na gishiri, wato ƙaramin cokalin shayi biyu na gishiri mai laushi, a shafe ba a tule ba. Ki goge kazar ta bushe, ki barbaɗa gishirin ciki da waje, ki ɗora ta a faranti ki sa a firji a buɗe, ba murfi ba leda, ta kwana.

Abin da ke faruwa cikin daren nan shi ne gishiri ya fara jawo ruwa daga nama, ruwan ya narkar da shi, sannan naman ya sake shanye ruwan gishirin zuwa ciki. Tsokar da gishiri ya ratsa ta fi riƙe ruwanta a kan wuta, kuma ɗanɗanon yana kaiwa har ƙashi. A lokaci guda sanyin firji yana busar da fata. Da safe za ki ga ta ɗame, ta ɗan yi duhu, idan kin taɓa ba ta santsi. Wannan fatar ce ke yin garas.

Idan ba ki da dare guda, awa ɗaya ma tana taimakawa. Idan ba ki da awa ɗaya, ki sa gishirin dab da sakawa a kwando. Tsakanin minti 10 zuwa 30 ne lokaci mafi muni, domin ruwa ya fito ya kwanta kan fata bai koma ba. Mai son ƙarawa da dunƙulen ɗanɗano ta rage gishirin, don shi ma yawancinsa gishiri ne.

A ina lemun tsamin yake shiga? Zan jiƙa kazar a ruwansa ta kwana?

Kar ki jiƙa ta kwana. A nan ne mutane da yawa ke rasa kyakkyawar kaza da niyya mai kyau. Lemun tsami abu biyu yake ɗauke da su, kuma ba wuri ɗaya suke ba. Ƙamshinsa yana cikin ɓawo, a wasu ƙananan aljihunan mai da ke saman fatarsa. Shi ne feshin da kike gani idan kin lanƙwasa ɓawon kusa da haske. Tsaminsa kuma yana cikin ruwa. Ƙamshi yana jure zafi idan yana cikin maiƙo, shi kuwa ruwan yana ɓata abu biyu: yana jiƙa fatar da kika sha wahalar busarwa, sannan idan ya daɗe a kan nama yana dafa samansa ba wuta, ya mai da shi fari mai gari-gari a baki.

Don haka ki raba aikin gida uku. Ɓawon ki goge shi a ƙaramin magogi, launin saman kawai, ki tsaya da zarar kin ga farin ƙasa domin shi ɗaci gare shi. Wannan gogaggen ɓawo shi za ki cuɗa da bota ko mai ki tura ƙarƙashin fata. Rabin lemon da kika goge, ki tsattsaga shi da wuƙa ki jefa cikin ramin kazar, tururinsa zai turara ta daga ciki. Ɗaya rabin ki ajiye sai kaza ta fito an yanka, ki matse a kai ko a cikin romonta. Tsamin da bai taɓa wuta ba ya fi kaifi da daɗi nesa ba kusa ba.

Wadda ta fi son jiƙon ruwan lemo duk da haka, kar ta wuce awa 2, a firji, kuma ta goge fatar sosai kafin gashi.

Babban lemo mai launin rawaya ko ƙarami kore?

Kowanne yana yi. Babban ya fi ɓawo mai kauri da ƙamshi mai sanyi, guda ɗaya ya ishi kaza. Ƙaramin kore ya fi kaifi, kuma idan ya daɗe a zafi yana ɗan ɗaci, saboda haka ki goge ɓawon guda biyu, amma rabi kawai za ki sa a ciki. Ki wanke su da ruwan ɗumi kafin gogewa, domin akan shafa wa wasu kakin da ke hana su yaushi.

Waɗanne ganyaye ne suka fi dacewa, ɗanye ko busasshe?

Masu tauri, wato taim, da rozmari, da oregano, da seji. Waɗannan suna jure awa guda a zafi ba tare da ƙamshinsu ya gudu ba. A wurina taim ne abokin lemun tsami na gaskiya. Rozmari kuwa ƙarfi gare shi, idan ya yi yawa sai ya danne komai, don haka kaɗan ake sa shi kuma a yanka shi ƙanana. Masu laushi irin fasili da na'ana'a ba sa son wuta, sai kaza ta fito ake barbaɗa su.

Busasshe ya ninka ɗanye ƙarfi kamar sau uku: inda za ki sa babban cokali ɗaya na ɗanye, ƙaramin cokali ɗaya na busasshe ya isa. Ki murtsuke shi a tafin hannu kafin ki zuba. Idan kin murtsuka ba ki ji ƙamshi ya tashi ba, ya tsufa, ki nemi wani.

Akwai abin da eya-firaya ta bambanta da oven a nan. Ganyen da aka barbaɗa a saman fata, fanka tana kwashe shi, wanda ya rage kuma ya ƙone ya zama baƙin ɗigo mai ɗaci. Haka yankakkiyar tafarnuwa. Wurin zamansu ƙarƙashin fata ne da cikin ramin kaza. Saman fata mai da gishiri kawai yake buƙata, sai ɗan masoro.

To yaya ake tura haɗin ƙarƙashin fata ba tare da ta yage ba?

Ki haɗa babban cokali 2 zuwa 3 na bota mai laushi, da gogaggen ɓawon lemo ɗaya, da tafarnuwa ƙwaya 3 da aka daka lukui, da ƙaramin cokali ɗaya na busasshen taim, da rabin cokali na rozmari, da ɗan masoro. Ki kwantar da kazar ƙirjinta sama, ramin yana fuskantarki. A bakin ramin, inda fata ta ƙare a kan tsokar ƙirji, ki zura yatsu biyu a kwance. Za ki ji wata siririyar tantani tana riƙe fatar. Ki dinga kaɗa yatsun hagu da dama tana saki, har ki kai kusa da wuya. Ki yi haka a ɓangare ɗaya, ki koma ɗayan, ki bar layin tsakiya a manne domin shi ke hana fata zamewa. Daga nan ki karkata yatsa zuwa cinya. Ki ɗebi haɗin da cokali ki ajiye a bakin aljihun, ki dinga shafa shi daga waje da babban yatsa har ya bazu, kina hango koren ganye ta cikin fata. Mai dogon farce ta yi amfani da bayan cokali.

Bota ya fi ko mai?

Bota a ƙarƙashi, mai a sama. Bota yana da ruwa a cikinsa da kuma ɓurɓushin madara da ke saurin ƙonewa, amma ɗanɗanonsa a kan tsokar ƙirji ba a magana. A saman fata kuwa babban cokali ɗaya na man zaitun ko kowane man girki, a shafa da hannu. Ki guji man feshi na gwangwani, domin yana barin danƙo a jikin kwando yana lalata shafen da ke hana kamu.

Sai na ɗaure ƙafafun?

Ki ɗaure su sako-sako da zaren girki na auduga, don kar su miƙe su taɓo ƙarfen sama. Idan kin matse su da yawa iska ba za ta shiga matsematsin cinya ba, kuma nan ne wurin da ya fi jinkirin nuna. Bakin fukafukai ki lanƙwasa su ƙarƙashin baya.

Zafi nawa, minti nawa?

Ki kunna na'urar ta ɗauki zafi na minti 3 zuwa 5 a digiri 180 na Salshiyas, wato kusan 360 idan taki da Faranhait take lissafi. Ki saka kazar a kife, ƙirji ƙasa, ta yi minti 30. Ki juya ta, ƙirji sama, ki ba ta minti 20, sannan ki fara aunawa. Kaza mai kilo 1.5 yawanci tana gamawa tsakanin minti 50 zuwa 60. Idan ciki ya kusa nuna fata ba ta yi jan da kike so ba, ki ɗaga zuwa 200 na minti 3 zuwa 5 na ƙarshe, kina leƙawa.

Waɗannan lambobi jagora ne kawai. Na'urori sun bambanta a ƙarfi, kuma kazar da ta fito daga firji yanzu ba ɗaya take da wadda ta sha iska na minti 20 ba.

Me ya sa ake fara kifa ta?

Domin zafi daga sama yake saukowa, ƙirji kuma shi ne ya fi saurin bushewa. Cinya da baya suna da kitse da jijiya, suna buƙatar zafi mai yawa, don haka su ake fara miƙa wa wuta, ƙirji yana ɓoye a ƙasa kitsen baya yana gangaro masa. Wajen juyawa, ki ciro kwandon ki ajiye a kan tebur, ki zura cokalin katako cikin ramin, ki tallafi ɗaya gefen da ninkakken tishu. Ki karkata ta tukuna ruwan ciki ya zube a kwando, don kar ya zubo miki a hannu. Kar ki soke ta da cokali mai yatsu.

Ta yaya zan tabbatar ta nuna?

Da ma'aunin zafin nama, mai tsinken ƙarfe. Ma'aikatar noma ta Amurka ta sa digiri 74 na Salshiyas, wato 165 na Faranhait, a matsayin zafin da cikin kaza zai kai kafin a ci. Hukumar abinci ta Birtaniya tana cewa digiri 75 na daƙiƙa 30, ko 70 na minti 2. Ki soka tsinken a wuri mafi kauri na cinya, ta ciki kusa da jiki, ba tare da ya taɓa ƙashi ba, domin ƙashi yana ba da lambar ƙarya. Ki sake sokawa a tsakiyar ƙirji. Wurin da ya fi sanyi shi ne alƙali.

Ina nanata wannan ne saboda eya-firaya tana saurin ba fata launi fiye da oven. Kaza tana iya yin ja tun a minti 35, ƙamshi ya cika gida, alhali gaɓar cinya ba ta kai ba. Mai tsoron haka kuma sai ta ƙara minti 20 don kariya, ƙirji ya bushe ya zama zare-zare. Ma'auni ne ke fitar da ke daga wannan zullumi, kuma ƙaramin abu ne da zai yi miki shekaru.

Ƙirji ya fi daɗi idan an cire shi da zarar ya kai 74. Cinya kuwa ba ta damu ba ko ta kai 80 zuwa 85, ta fi ma laushi a nan, domin jijiyoyinta sun narke. Shi ya sa fara kifawa ke da amfani: sassan biyu suna isa inda ake so kusan tare.

Idan babu ma'auni a gida, ki tsaga fatar da ke tsakanin cinya da jiki ki duba can cikin gaɓa. Ruwan da ke fitowa ya zama garau, naman ya daina sheƙin ɗanye, ƙafa kuma ta yi motsi cikin sauƙi idan kin girgiza. Alamu ne masu taimako, amma ba su kai ma'auni tabbas ba, musamman idan akwai ƙananan yara, ko mai juna biyu, ko tsofaffi a cikin masu ci.

Ma'auni ya nuna 74 amma na ga ja kusa da ƙashi. Ɗanya ce?

Ba lallai ba. Ƙashin matashiyar kaza bai gama ƙwari ba, launin ɓargo yana ratso shi ya rina naman da ke kewaye, kuma daskarewa a firiza tana ƙara hakan. Idan kin auna a wurin da ya dace kuma ya kai, ta nuna. Abin da ake gudu shi ne nama mai santsi da sheƙi, wanda ke ƙin rabuwa da ƙashi.

Fata ta fara baƙi, ciki bai kai ba. Me zan yi?

Ki rage zafi zuwa 160, ki rufe wurin da ya yi duhu da ɗan foyil. Amma ki cusa gefunansa ƙarƙashin kazar ya kamu sosai, don fanka tana iya ɗaga shi ya manne da ƙarfen sama. Yawanci abin da ke jawo wannan shi ne kaza ta yi tsayi da yawa, ko an sa zuma ko sukari a haɗin. Mai son zuma ta shafa a minti 5 na ƙarshe.

Me ke kawo farin hayaƙi?

Kitse ne ke ɗiga ƙasan aljihu yana ƙonewa. Lokacin juya kaza ki tsiyaye shi a kwano, ko ki zuba babban cokali 2 zuwa 3 na ruwa a ƙasan aljihun, ƙarƙashin kwando. Yanke tulin kitsen da ke bakin rami tun farko yana rage shi sosai. Idan hayaƙin baƙi ne ko kin ji ƙaurin roba, wannan ba na kitse ba ne: ki kashe, ki zare daga soket, ki bari ta huce kafin ki duba.

Na bi komai amma fata ba ta yi garas ba. Ina matsalar?

Ruwa ne, kusan kullum. Jan da fata ke yi yana fitowa ne daga haɗuwar sinadaran nama da ɗan sukarin da ke cikinsa a kan zafi, abin da masanin kimiyya ɗan Faransa Louis-Camille Maillard ya bayyana a 1912. Wannan haɗuwa ba ta kankama sosai sai zafi ya kai wajen digiri 140, alhali jiƙaƙƙiyar fata ba ta wuce 100 sai ruwanta ya ƙone tukuna. Ki duba ko kin matsa lemo a kai kafin gashi, ko kin dinga ɗiban romo kina zuba mata, ko kin shimfiɗa takarda ta toshe hudojin kwando, ko kin lulluɓe ta ruf bayan ta fito tururi ya sassauta ta. Ƙaramin cokali ɗaya na bekin foda a cikin gishirin daren jiya yana ƙara garas. A lura, bekin foda, ba bekin soda ba, don shi yana barin ɗanɗanon sabulu.

Dole ne a jira kafin a yanka?

Ki ba ta minti 10 zuwa 15 a kan katako, a buɗe. Zafin waje yana ci gaba da shiga ciki, ruwan naman yana ɗan yin kauri, kuma idan kin yanka ba zai malale duka ba. Ki fara da cire cinyoyi, sai fukafukai, sannan ki bi gefen ƙashin ƙirji da wuƙa ki ɗaga tsokar guda, ki yanka ta a gicciye kowane yanki da fatarsa.

Ruwan da ya taru a ƙasa fa, zubarwa ake yi?

Haba, ai nan daɗin ya taru. Ki juye shi a kofi, ki bari kitse ya taso ki kwashe mafi yawansa. Abin da ya rage ki zuba a ƙaramar tukunya da rabin kofi na ruwa, ki tafasa minti 2 zuwa 3, ki sauke, sannan ki matse rabin lemon da kika ajiye, ki watsa yankakken fasili. Tafasawar tana da muhimmanci domin ruwan ɗanyar kaza ya ɗiga ciki tun farkon gashi. Ki zuba a kan tsoka ko a gefe, kar a kan fata.

Zan iya gasa dankali tare da ita, ko in cusa mata shinkafa a ciki?

Dankali ƙanana-ƙanana kaɗan a kusurwoyi, bayan kin juya kazar, ba laifi in akwai wuri. Amma na fi son a gasa shi daban lokacin da kaza ke hutawa: a tafasa shi tukuna, a juya shi a cokali ɗaya na kitsen kazar, a ba shi minti 15 a digiri 200. Cusa shinkafa ko burodi a ciki kuwa ba na ba da shawara. Abin da aka cusa yana shan ruwan ɗanyar kaza, shi ma sai ya kai 74, kuma kafin ya kai ƙirji ya bushe. Rabin lemo, da ɗan reshen taim, da tafarnuwa biyu sun isa, a bar wa iska hanya.

Kazar ta fi kwandon tsayi. Akwai dabara?

Ki sa almakashin kicin ki yanke ƙashin baya ta gefe biyu ki cire, ki kifa ta ki danna ƙirji da tafin hannu har ki ji ya yi ƙas, ta baje. Idan faɗin kwando bai isa ba, ki raba ta biyu ki gasa rabi-rabi. Bajajjiyar kaza tana nuna cikin minti 35 zuwa 45, kuma duk fatarta tana fuskantar wuta. Ƙashin bayan ki ajiye don romo.

Yaya zan adana ragowar, kuma yaya ake ɗumama ta?

Kar ta wuce awa 2 a waje, ko awa 1 idan zafin gari ya haura digiri 32. Ki cire naman daga ƙashi, ki sa a mazubi mai murfi a firji, a cinye cikin kwana 3 zuwa 4, ko ki daskarar. Wajen ɗumamawa, digiri 170 na minti 5 zuwa 8 yana dawo da fatar cinya da fiffike. Tsokar ƙirji ta fi son a ɗumama ta a tukunya da ɗan romo. Ko ta wace hanya, ta yi zafi har tsakiya, kuma sau ɗaya ake ɗumamawa.

Wanke na'urar bayan kaza fa?

Ki zare ta daga wuta ta huce. Kitsen kar ki zuba shi a magudanar sinki, daskarewa yake yi ya toshe. Ki goge shi da tishu ki jefa a shara. Ki jiƙa kwando da aljihu a ruwan ɗumi da sabulu na minti 10, ki wanke da soso mai laushi, ban da soson ƙarfe. Wurin da aka fi mantawa shi ne sama: ki kifa na'urar a kan tawul ki duba murɗaɗɗen ƙarfen, domin kitsen kaza yana fantsama can, kuma shi ne zai yi miki hayaƙi a girki na gaba. Ki goge shi da ɗan tsumma mai laima, ki bari ya bushe sarai kafin ki sake jona ta.